Canjin fulogi a injin tsohuwar a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi

Har gobe tsofaffin a-kori-kura ne ke ɗauke da kayan Zariya. Su ke kwaso masara daga Giwa da Soba, rake daga Maƙarfi, tumatir daga fadamun Galma, su kai bulo da yashi sabbin unguwanni. Yawancinsu Peugeot 504 ce wadda aka harhaɗa a Kaduna, ko Toyota Hilux mai kafireto, ko Nissan, ko Mitsubishi L200. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu irin waɗannan motoci da yaran gareji suka fi yi game da fulogi.

Wane aiki fulogi yake yi a injin?

Shi ne ashanar injin. Fistin yana matse fetur da iska a cikin silinda, kwayil ya ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa dubbai, sau da yawa sama da 15,000, wutar ta biyo waya ta shiga fulogi, ta yi tsalle daga tsinken tsakiya zuwa ƙugiyar da ke lanƙwashe a kansa. Wannan tartsatsin ke kunna man. In injin yana juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana ƙyasta wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace ƙyastawa tana ɗan cin ƙarfen. A hankali bakin tsinken ya dakushe, tazarar ta buɗe, wutar da ake bukata kafin tartsatsi ya tashi ta ƙaru, har ta fi ƙarfin tsohon kwayil da tsofaffin wayoyi.

Ta yaya zan gane fulogi ne ya gaji?

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce fizga a ƙarƙashin lodi. Mota tana tafiya lafiya ba kaya, amma da ka ɗora buhuna ka doshi gadar Kwangila ka taka totur, sai ta fara sarƙewa. Dalili kuwa, in ka buɗe totur matsin cikin silinda yana ƙaruwa, tartsatsi kuma ya fi wuyar tsalle a cikin matsi, saboda haka fulogin da ke aiki a sulo sai ya kasa a hawa. Sauran alamomin su ne wuyar tashi da asuba, musamman a sanyin hunturu, karkarwar injin a tsaye, ƙarin shan mai, da warin ɗanyen fetur a salansa.

Sai dai duk waɗannan, waya da ta lalace, ko tsagewar murfin dilko (abin da ke rarraba wuta ga fulogogi), ko kafireto mai datti suna iya kawo su. Don ka tabbatar, bar injin a sulo, ka sa filaya mai riƙon roba ka zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci kaɗan. In ka zare ka ji injin ya ƙara rauni, wannan silinda tana aiki. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciya. Kashe injin, ka musanya fulogin nan da na wata silinda. In ciwon ya bi fulogin, shi ne mai laifi. In ya tsaya a inda yake, a duba waya ko matsin silindar. A motar da ba ta da kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikin dilko), wato mai kunna wuta da na'ura, kada ka bar waya a zare tana lilo injin yana aiki, domin hakan yana iya ƙona kwayil ko na'urar.

Bayan kilomita nawa ake canzawa?

Fulogi na yau da kullum, mai jan ƙarfe a cikinsa, yana kai kilomita 20,000 zuwa 30,000 a injin mai lafiya. Na filatinam ko iridiyam yana iya kai 100,000. Amma tsohon injin mai kafireto da ke wuni cikin ƙura da lodi ba ya bin lissafin takarda. A riƙa kwancewa ana dubawa duk bayan kilomita 10,000. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a motoci da yawa, a haɗa shi da juyen baƙin mai: duk juye biyu a duba fulogi sau ɗaya.

A shago na ce a ba ni fulogin Hilux, aka miƙo mini wani. Hakan ya isa?

Bai isa ba, kuma nan ne yawancin matsala take farawa. Fulogi ba ya bin sunan mota, injin yake bi. Hilux kaɗai ta ɗauki injina iri-iri: 22R, 3Y, 4Y, 3RZ, 2TR, kuma ba duka ne fuloginsu ɗaya ba. Ga shi kuma motocinmu da yawa an sauke musu injin asali an ɗora na Beljiyam. Don haka a nemi sunan injin a jikin bulok, da shi za a je shago. Tsohon fulogin da ka cire ma ba hujja ba ne, domin wataƙila wanda ya ɗaura shi ya yi kuskure.

Lambar da ke jikin fulogi bayani ce cikakke ga wanda ya iya karanta ta. Ɗauki NGK BPR5ES. Harafin B yana nufin kaurin tiredi, wato zaren da ake murɗa fulogi da shi, milimita 14, kuma soket 21 ke kama shi. P yana nufin hancinsa ya ɗan leƙo cikin silinda. R yana nufin akwai abin rage hayaniyar wuta a ciki, wanda ke hana ta damun rediyo da biren-bokis, wato kwamfutar mota. Lamba 5 ita ce zafinsa. E yana nufin tsawon tiredi milimita 19. In ka ga 11 a ƙarshen lamba, tazararsa milimita 1.1 ce daga kamfani. Wanda ya fara da BK, tiredinsa 14 ne shi ma, amma soket 16 ke kama shi. Injin 22R, alal misali, NGK BPR5EY ko Denso W16EXR-U ne nasa. Injin 2TR kuwa tiredinsa dogo ne, milimita 26.5, ba ya haɗa hanya da na 22R ko kaɗan.

Tsawon tiredi shi ne abin da ba a yi masa sassauci. In ya yi tsawo, ko dai fistin ya doke shi, ko kuma sauran tiredin da ya leƙa cikin silinda ya tara gawayi, ranar kwancewa ya taho da tiredin tof, wato kan injin da ake murɗa fulogi a ciki. In ya yi gajere, tartsatsi yana tashi a cikin rami maimakon tsakiyar man, kuma gawayi yana cike sauran tiredin ramin, sai ran da aka kawo fulogin da ya dace ya ƙi shiga. A kuma duba mazauni. Wani fulogin yana da washa, wani kuma ba shi da ita, wuyansa a jirge yake. Ba a musanya su.

An ce in sa fulogi mai zafi don mota ta ƙara ƙarfi. Gaskiya ne?

A'a. Zafin fulogi ba ƙarfin tartsatsi ba ne. Magana ce ta yadda hancinsa ke riƙe zafi ko yake saurin miƙa shi ga tof. Ana so hancin ya zauna tsakanin kusan digiri 500 da 800 a ma'aunin salshiyas. Ƙasa da haka, ba ya ƙone gawayin da ke taruwa a kansa, sai ya toshe. Sama da haka, hancin kansa ya zama garwashi, ya kunna mai tun kafin tartsatsi ya zo, wannan kuwa shi ke huda fistin.

A NGK da Denso, ƙaramar lamba ce mai zafi: NGK 5 ya fi 6 zafi, kuma NGK 5 daidai yake da Denso 16, NGK 6 da Denso 20. A Bosch da Champion lissafin a juye yake, babbar lamba ce mai zafi. Mai shagon da ya dubi lamba kawai ya ce duk ɗaya ne zai iya ba ka kishiyar abin da kake nema. Motar da ke ɗaukar lodi a doguwar hanya cikin zafin bazara ba a sa mata wanda ya fi na kamfani zafi, ko da kuwa mutum yana ganin baƙi a fulogin.

Iridiyam fa, ya dace da tsohon injin?

In lambarsa ta dace, zai yi aiki. Amma injin da ke shan baƙin mai ko kafiretonsa ke ambaliya zai ɓata iridiyam kamar yadda zai ɓata na yau da kullum, an yi asarar kuɗi ke nan. A irin wannan injin mun fi son na yau da kullum na gaske, a riƙa canzawa a kan lokaci.

Wane kayan aiki zan tanada?

Soket ɗin fulogi, 21 ko 16, mai roba a ciki wadda ke riƙe farin tangaran ɗin kada ya fashe. Racit da ƙarin hannu. Filla-geji na awon tazara. Famfon iska, ko na keke ne. Guntun tiyon roba mai tsawon kamar taƙi ɗaya wanda kan fulogi zai shige ya kama. Tef da biro. Tsumma mai tsabta. Man sassauta tsatsa irin WD-40. Da kwali da aka huda rami huɗu aka rubuta 1, 2, 3, 4. In akwai sifanar awon ɗauri, ta fi. Masu Peugeot su lura, fuloginta a can cikin dogon bututu yake ta tsakiyar murfin tof, sai da dogon soket siriri.

Yaya ake yin aikin daga farko zuwa ƙarshe?

A fara da injin mai sanyi, mafi kyau da safe kafin a tayar da mota. Tof na Peugeot 504 da na Hilux 22R duk alminiyam ne, fulogi kuma ƙarfe. Alminiyam in ya yi zafi yana yin taushi, tiredinsa ya fi saurin tahowa. In dole ce ta sa a yi da rana, a jira har sai tafin hannu ya iya zama a kan tof ba tare da an janye ba.

Kashe makulli ka zare shi. Kafin ka taɓa kowace waya, manna mata tef ka rubuta lambar silindarta. Wanda ya fi wannan ma, ka yi aikin ɗaya bayan ɗaya: ka gama da silinda guda, ka mayar da wayarta, sannan ka matsa gaba. Wajen zare waya, kama hular robar ka ɗan murɗa ta hagu da dama ta saki, sannan ka ja. Jan wayar ta tsakiya yana tsinke zaren gawayin da ke cikinta, daga waje kuma ba za a gani ba.

Yanzu sai sharar rami, matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ƙasa irin tamu shi ne mai tsada. Ƙurar hunturu da yashin hanya suna taruwa a gindin fulogi. Da an zare shi, duk su zube cikin silinda su shiga cin ringi da bangon silinda kamar samfefa. Busa iska sosai kafin ka sa soket. Sassauta fulogin zagaye ɗaya, ka sake busawa, domin sassautawar tana ɓanɓaro wani dattin. Sannan ka ƙarasa kwancewa.

Soket ya zauna a miƙe. In ya karkace, tangaran ke fashewa. Ana kwancewa ta hagu. Kowane fulogi da ya fito a soka shi a raminsa na kwali, domin za a karanta shi daga baya.

Ɗauko sabon, ka jera shi da tsohon ka gwada tsawo da mazauni, ka auna tazara. Soka kansa a tiyon roba, ka zura shi a hankali, kada ka sake shi ya faɗa ramin, domin faɗuwar tana rufe tazarar. Murɗa da yatsu kawai. Fulogin da ya hau tiredi daidai yana tafiya sumul har washarsa ta zauna. In ya cije bayan zagaye ɗaya ko biyu, ya hau a karkace ne, dawo da shi baya ka sake. Amfanin tiyon ke nan: in tiredi ya karkace, robar za ta zame kafin a yi ɓarna. Racit ba ya shiga aikin sai fulogi ya zauna da hannu. Bayan ɗauri, tura hular waya har ka ji ta kama.

Nawa ne tazarar, kuma yaya ake gyara ta?

Peugeot 504 mai kwantak tana son milimita 0.6. Hilux 22R tana son 0.8. Injinan baya-bayan nan masu injekta da yawa suna kan 1.1. Tsohon tsarin kwantak wutarsa ba ta kai ta sabon tsari ba, shi ya sa tazararsa ta fi ƙanƙanta. Wanda ya sa fulogi mai 1.1 a motar kwantak zai ga tana tashi da ƙyar tana fizga a hawa, alhali fulogin sabo ne fil.

Ana aunawa da filla-geji, reshen ya shige da ɗan cizo kaɗan. Ƙugiyar kaɗai ake lanƙwasawa. Kada a dogara sukundireba a kan tsinken tsakiya a banƙara, domin tangaran yana tsagewa daga ciki. Na iridiyam, tsinkensa siriri ne ƙwarai, ƙasa da milimita ɗaya, gara a sayo wanda tazararsa ta dace tun farko a bar shi yadda ya zo.

Ba ni da sifanar awon ɗauri. Yaya zan san ya ɗauru?

Masu ƙera fulogi suna ba da Nm 25 zuwa 30 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) ga fulogi mai washa, mai tiredi 14, a tof na alminiyam. Toyota kuma ta ba da Nm 18 ga 22R, in kuwa littafin mota ya faɗi nasa, shi ake bi. In babu sifanar, a bi lissafin zagaye. Sabon fulogi mai washa: bayan ya zauna da hannu, a ƙara rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku. Za ka ji washar tana lotsawa, sannan ta tsaya. Tsohon da aka mayar, washarsa ta riga ta lotsa, ƙarinsa kashi ɗaya cikin 12 na zagaye ne kawai, wato kamar tazarar ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 1 a fuskar agogo. Mara washa kuwa ƙarinsa bai ma kai haka ba, kashi ɗaya cikin 16.

Sakaci ta kowane ɓangare yana da illa. In bai ɗauru ba, zafi ba ya wucewa zuwa tof, iska mai wuta tana fita ta tiredi, fulogin yana girgiza har wata rana ya yi tsalle ya fita da tiredin. In an wuce gona da iri, jikin fulogin yana miƙewa ko tiredin tof ya kwaɓe. Giris da baƙin mai kuma ba a shafa wa tiredin sabon fulogi. An riga an yi masa rufin hana tsatsa, santsin mai kuma yana sa a zarce ɗauri ba a sani ba.

Fulogi ya cije ya ƙi fita. In ƙara bututu a sifana?

Kada ka soma, garin gyaran gira za a rasa ido. In ya motsa kaɗan sannan ya cije, mayar da shi ciki, ka fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, ka ba shi ko rabin awa ne, in da hali ya kwana. Daga nan sai ka riƙa yi gaba da baya: kwata zagaye waje, ɗan kaɗan ciki, ka ƙara fesawa. Abin da ke riƙe shi yawanci gawayi ne a ƙarshen tiredi, kai-komon nan ke murƙushe shi. Wani lokaci ɗan ɗumama injin na minti biyu ko uku yana taimakawa, ɗumi dai, ba zafi ba.

In ya karye jikinsa ya rage a ciki, akwai abin zaro karyayyen ƙarfe, amma dole a tabbata ko ɓurɓushin tangaran bai faɗa silinda ba. In ana shakka, a sauke tof. Kuɗin gasket bai kai na fistin da bawul ba.

Tiredin ramin ya lalace. Sai an sayi wani tof?

Ba lallai ba. In bakin tiredin ne kawai ya taɓu, ana bin sa da abin gyaran tiredi mai awon M14 da 1.25, a cika ramukansa da giris don ya kama ɓurɓushi. In ya kwaɓe gaba ɗaya, ana faɗaɗa ramin a dasa sabon tiredi na ƙarfe, irin Helicoil ko ɗan bututu mai tiredi ciki da waje, tsawonsa daidai da na fulogin. Aikin ya fi tsabta in an sauke tof an kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne naɗa wa fulogi waya ko gwangwani, ko a liƙe shi da gam. Matsin silinda zai tofar da shi, kuma yawanci a tsakiyar hanya da kaya a baya.

Me zan karanta a jikin tsofaffin da na cire?

Wannan ne ribar aikin, kuma abin takaici ne a ga an watsar da tsofaffin a ƙasa ba a ko kalle su ba. Fulogi ne kaɗai ɓangaren da ke zaune cikin wutar silinda wanda za ka iya zarowa cikin minti biyar ka gani da idonka.

Fara da jera su huɗun. In duk kamarsu ɗaya, dalilin na kowa ne: kafireto, filtar iska, taimin (saitin lokacin ƙyasta wuta), ko mai. In guda ya fita daban, matsalar tana silindarsa ko wayarsa.

Launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe, lafiya ke nan. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, wanda ke goguwa a yatsa, yana nufin fetur ya fi iska yawa. A Zariya abu na farko da za a buɗe shi ne filtar iska, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana toshe ta da wuri. Sai cok da ya maƙale, ko fulot na kafireto da ya bar mai ya hau, ko yawan barin mota a sulo a bakin kasuwa. Baƙi mai maiƙo da sheƙi baƙin mai ne, daga ringi ko robobin bawul, yawanci tare da shuɗin hayaƙi. In da safe kaɗai hayaƙin ke fita sannan ya ɗauke, a fi zargin robobin bawul. In kullum ne, musamman da lodi, a gwada matsin silinda. Jiƙaƙƙe da warin fetur kuwa, wuta ce ba ta zuwa masa.

Fari fat mai ƙuraje, ko tsinken da ya fara narkewa, shi ne mafi haɗari. Ko dai iska ta yi yawa saboda tiyo ko gasket na manifol yana zuƙa, ko taimin ya yi gaba, ko fulogin ya fi ƙarfin injin zafi, ko injin kansa yana tafasa. Kada a ɗora lodi sai an gano dalilin. Akwai kuma wanda ke yaudarar mutane: guda ɗaya tas kamar an wanke shi, sauran da launinsu. Ba lafiya ce ta fi ba, ruwan lagireto ne ke shiga ta gasket, tururi yana wanke shi. A duba ko ruwa yana raguwa.

A waje kuma, siririn baƙin layi a tsaye a jikin farin tangaran hanyar da wuta ke bi ta gudu ce. A canza fulogin tare da wayarsa, domin irin layin yana cikin hular robar, zai koma kan sabon. Amma ɗan zoben ruwan ƙasa a inda tangaran ya haɗu da ƙarfe ba yoyo ba ne, ba a canza fulogi saboda shi. Baƙin mai a cikin ramin daga sama kuma gasket ɗin murfin tof ne ko robar bututu, ba ringi ba.

Na canza, sai mota ta fi da rawa, tana harbi. Me ya faru?

Mafi yawan lokuta an sarƙe wayoyi. Injinan nan masu silinda huɗu suna bin jerin wuta 1, 3, 4, 2. A Toyota da Nissan silinda ta 1 ita ce ta gaba, kusa da lagireto. A Peugeot ta 1 tana baya, ɓangaren giya, kuma yaron da ya koyi aiki a kan Hilux nan yake ruɗewa. Buɗe murfin dilko, a ɗan juya injin ka ga inda rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ciki, ke nufa, sannan ka jera wayoyin a kan murfin bisa wannan juyin.

In jeri daidai ne, a duba hular da ba ta zauna ba, ko tangaran da ya tsage wajen ɗauri, ko tazarar da ta rufe. A auna wayoyin da mita. Toyota ta ƙayyade kada waya guda ta wuce kilo-om 25. Da dare, a buɗe bonet injin yana aiki, wayar da ke zubar da wuta za a ga shuɗin tartsatsi a jikinta. A leƙa murfin dilko ko ya tsage, in kuma motar kwantak ce, buɗewarsa ta zama kusan milimita 0.4 zuwa 0.45.

Nissan ɗina fulogi takwas gare ta, alhali silinda huɗu ce.

Injin Z24 ke nan, kowace silinda fulogi biyu, ɗaya ɓangaren shigar mai, ɗaya ɓangaren salansa, da kwayil biyu. A canza takwas ɗin, kuma a nan sa wa wayoyi lamba wajibi ne.

Zan iya wanke tsohon in mayar, ko in canza guda ɗaya kawai?

A hanya, don a isa gida, ana iya goge gawayi da burushi a wanke da fetur a bar shi ya bushe. Amma wanki ba ya dawo da ƙarfen da ya cinye. Gasa fulogi a wuta yana tsaga tangaran, samfefa kuma tana barin yashi a lungunsa. Canjin guda ɗaya ya halatta in sauran sababbi ne wannan ya fashe. In duk sun tsufa, a canza su tare, kuma iri ɗaya.

Silinda ɗaya tana jiƙa fulogi duk mako. An ce a sa adafta.

Adafta tana janye fulogi baya daga inda man ke fantsama, sai ya daɗe bai jiƙe ba. Za ta iya kai ka ƙarshen kaka a gama jigilar amfanin gona. Amma tartsatsin ya koma cikin rami, silindar ta rage ƙarfi, man kuma bai daina ƙonewa ba. Tsugune ba ta ƙare ba sai an taɓa ringi ko robobin bawul.

Yaya zan kauce wa jabu?

Dubi rubutun jikinsa: na gaske a tsaye yake, ba ya gogewa da farce. Washar na gaske ba ta zarewa ta faɗi da kanta. Tiredinsa sumul ne, ƙugiyar tana daidai saman tsinke, haɗinta da jiki a tsabtace. Jera huɗun ka ga ko tazararsu ɗaya. Mai harafin R, in an auna daga kansa zuwa tsinke, mita tana nuna wajen kilo-om 5. Iridiyam da aka sa wa kuɗin na yau da kullum abin tuhuma ne, araha ba ta ado. Ko a Sabon Gari ko a Tudun Wada, saya a wurin wanda zai karɓi kayansa in an dawo da su. Illar jabu ba saurin mutuwa kaɗai ba ce: zafinsa ba lallai ya dace da lambar da aka buga masa ba, kuma tsinkensa yana iya narkewa ya faɗa silinda.

Da damina ko bayan wankin injin mota tana ƙin tashi. Fulogi ne?

Yawanci laima ce a murfin dilko ko ruwa a ramin fulogi, wuta tana bin ruwan ta gudu. A goge cikin murfin da busasshen tsumma, a busar da ramukan kafin a kwance komai. In an yi ta bugawa har fetur ya jiƙa fulogogin, a cire su su sha iska, a zare wayar da ke kai wuta ga kwayil, a taka totur ƙasa a juya injin na 'yan daƙiƙu. Ba a yin wannan kusa da sigari ko wata wuta.

Na mayar da motata kan CNG. Fulogin zai canza?

Tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan tambaya ta yawaita. Iskar gas ta fi fetur wuyar kamawa, tana bukatar wuta mai ƙarfi, don haka raunin da fetur ke rufa wa asiri, gas yana tona shi, sau da yawa da harbi ta wajen filtar iska. A sa sababbin fulogogi da wayoyi masu lafiya tun ranar haɗawa. In tazarar 1.1 ce, ana rage ta zuwa wajen 0.8. A kuma riƙa dubawa da wuri fiye da da, domin gas ba ya barin baƙi, launi ba zai gaya maka komai ba, tazarar za ka auna.

Hilux ɗina ta dizal ce, ina fuloginta?

Injin dizal irin 2L, 3L da 5L ba shi da fulogin tartsatsi, matsi ne ke kunna mansa. Abin da yake da shi hita ne, mai ɗumama silinda kafin tashi. In tana wuyar tashi da sanyin safiya tana fitar da farin hayaƙi, su za a gwada.

Me ya kamata ya zauna a mota saboda hanya?

Soket ɗin da ya dace da injinka da hannunsa, fulogi biyu masu kyau, waya guda mafi tsawo daga tsohon saiti domin za ta kai kowace silinda, da rota. Motar kwantak a ƙara mata kwantak da kwandansa. Fulogogin a bar su cikin kwalinsu da hular takardar da ke kare ƙugiya, domin wanda ya yi wata uku yana gwaruwa da sifanu a hanyar Pambeguwa, ranar da aka neme shi za a tarar tazararsa ta rufe ko tangaran ya tsage.